Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura wa motar tsere turbo, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taɓa tuƙa ƙaramar mota mai turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana matsa ƙarin iska cikin injin don ƙara masa ƙarfi, ya san daɗin da ke cikin wannan fizgar: ka taka totur, ka ji fito daga ƙarƙashin bonet, sai kujera ta dafe maka baya. Amma a kan titi wannan takawar ba ta wuce daƙiƙa goma, sai danja ko wata motar ta sa ka ɗaga ƙafa, injin ya huta. A filin tsere babu wannan hutun. Minti ashirin za ka yi kana takawa, kana birki, kana sake takawa. Yawancin injinan da ke lalacewa a can zafi ne ke kashe su, kuma daga nan kusan duk kurakuran suke fitowa.

Zan yi misali da Mazda MX-5, domin tana cikin motocin da aka fi ɗaura wa turbo a Amurka da Ingila. Ta fito a 1989 da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki kusan 115, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Injin nata ɗan'uwan na Mazda 323 GTX ne, wadda ta zo da turbo tun daga kamfani, har ma yana da 'yan bututun da ke fesa wa fistin baƙin mai ta ƙasa don sanyaya shi. Wato inji ne mai juriya. Duk da haka da Mazda ta fitar da mai turbo a 2004, a ƙarfin doki 178 ta tsaya. Akwai darasi a cikin wannan kamewar.

Kuskure na farko shi ne mutum ya fara da lamba. Sai ka ji ya ce doki 300 yake so, ya zuba kuɗinsa kaf a kan turbo, sauran kuma sai yadda hali ya yi. Kanikawan da suka daɗe a kan wannan motar sukan ce sandunan fistin na asali da giyabos mai giya biyar suna fara kokawa ne a wajajen doki 250. Abin da ke lanƙwasa sandar ma ƙarfin murɗawa ne da ke zuwa farat ɗaya alhali injin bai ɗauki gudu ba, irin wanda ƙaramin turbo mai saurin tashi ke kawowa. Gyaran shi ne ka fara daga tambayar minti nawa kake so motar ta yi tana zagaye ba tare da allurar ma'aunin zafi ta hau ba, sannan ka zaɓi ƙarfi ƙasa da iyakar ƙarafan. A mota mara nauyi irin wannan, doki 200 da ke nan daram daga zagayen farko zuwa na ƙarshe sun ishe ka, har da saura.

Sai maganar sanyaya, inda na fi so mai karatu ya dakata. Iskar da turbo ya matse zafi take yi, dole a bi da ita ta cikin intakula, wato na'urar da ke sanyaya ta, kafin ta shiga injin. A ina ake ɗaura intakular? A gaban lagireto. To ka ga an ƙara wa injin wuta, an kuma tare wa lagireto iska. Da yawa suna sayo babban lagireto na alminiyam su ɗauka an gama, alhali iska ba ta da dalilin ratsa shi muddin akwai gurbi a gefe ko a ƙasa da za ta sulale. A toshe duk wani gurbi tsakanin bakin mota da lagireto da falle na alminiyam ko roba, a mayar da murfin ƙarƙashin injin da ake yawan cirewa a yar, a buɗe wa iska mai zafi mafita a saman bonet. Wannan aikin ba shi da tsada, ba kuma wanda zai tsaya ya yaba shi, amma sau da yawa shi ne ke saukar da allura.

MX-5 tana da wata matsala tata ta kanta. An tsara injin ne don ya zauna a gicciye, da aka juya shi a tsaye sai ruwan sanyaya shi ya koma yana shiga ta gaba yana fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke can baya ta fi sauran shan zafi. Masu zuwa filin tsere kan sauya hanyar ruwan ya riƙa fita ta bayan injin. Kowace mota na da irin wannan lagon nata. Nemo na taka tun kafin ka sayi ko da noti ɗaya.

Baƙin mai shi ma ana mantawa da shi. Shi ne ke sanyaya sandar turbo mai juyawa fiye da sau 100,000 a minti, daf da hayaƙin da kan kai digiri 900. Idan ma'auni ya nuna man yana wuce digiri 130 yana ci gaba da hawa, a saka masa nasa lagireton. Idan kuma babu ma'aunin zafi da na matsin mai kwata-kwata, to wannan ne kuskuren, domin allurar da ta zo da mota ba ta motsi sai ɓarna ta yi nisa. A doguwar kwana man kan tattaru gefe ɗaya na kasko, famfo ya zuƙi iska. Kasko mai shinge a ciki shi ne maganinsa. Tiyon da ke mayar da mai daga turbo kuwa nauyi kaɗai ke tura abin da ke cikinsa, saboda haka ya zama mai faɗi, ya gangara tsaf ba lanƙwasa, in ba haka ba mota ta yi ta hayaƙi a ɗora wa turbon laifi.

Wani babban kuskuren shi ne rowa wajen saita kwamfutar injin. Rabon iska da fetur na kullum 14.7 ne da 1, amma idan turbo na turawa ana son fetur ya ƙaru, rabon ya sauko wajajen 11.5 zuwa 12. Idan nozul ko famfon fetur suka gaza, sai fetur ɗin ya fara fashewa ba bisa ƙa'ida ba, da ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, wadda ba za ka ji ba da hular kwano a kanka. Cikin 'yan daƙiƙu fistin ya tsage. Injinan da matsinsu ke da yawa tun asali, wato yawan matsewar da fistin ke yi wa iska a cikin silinda, sun fi shiga haɗari: Toyota 86 da Subaru BRZ na 2012 suna da 12.5 da 1, tsohuwar MX-5 kuwa 9.4 da 1. Kada ka kwafo saitin wani daga intanet. Wanda aka yi a sanyin Ingila da fetur mai inganci ba zai ɗauki zafin digiri 40 irin na watan Afrilu a wajenmu ba. A saita da man da za ka riƙa samu, a bar rata.

Ƙananan abubuwa biyu: kusoshin da ke riƙe turbo kan saki saboda zafi da sanyi, a sa na Inconel, wani ƙarfe mai jure zafi, da makulli, kuma kada ka kashe inji da zarar ka fito, yi zagaye ɗaya a hankali tukuna don kada mai ya ƙone a cikin turbon.

Birki kuwa, lissafi ne kawai. Idan da kana isa ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya a kilomita 160, yanzu kana isa a 190, zafin da birki zai haɗiye ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma yana shan danshi, tsoho kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Sabon mai, fatun birki na tsere, da kulochi mai ƙarfi, duk su shiga lissafin kuɗi tun farko.

Ni a ganina, wanda bai kai ga ƙure motarsa yadda take ba, ya fara kashe kuɗin a kan taya, birki da yawan zuwa fili. Idan kuma an riga an ɗaura, ranar farko a fita da matsin turbo mafi ƙanƙanta, kamar rabin bar a ma'aunin matsi, a riƙa rubuta zafin ruwa, na mai da na iskar shiga a kowane zagaye. Idan lambobin suka hau suka tsaya wuri ɗaya, ana iya ƙarawa kaɗan. Idan har zagaye na takwas suna hawa, a koma gareji a kan maganar iska da lagireto.