Yadda za ka saka bincike da jerawa a model ɗinka na Django

A ce a Django, wato kayan gina shafukan yanar gizo da Python, kana da model (tsarin teburin bayanai) mai suna Dalibi, da filin suna da na rana (ranar rajista), kana so mutum ya rubuta harafi biyu uku kawai sakamako ya fito masa. To fara da karɓo abin da ya rubuta ta request.GET.get("q"), sai ka tace da Dalibi.objects.filter(suna__icontains=q). Idan fili biyu kake so a duba, suna da imel, ka haɗa su da Q, abin haɗa sharuɗɗan bincike na Django, ka sa alamar | mai nufin "ko" a tsakani.

Amma ka kula da wani abu da ya taɓa ci min yini guda, a database ɗin SQLite wannan icontains ɗin haruffan ASCII (A zuwa Z na Turanci) kaɗai yake daidaita manya da ƙananansu, wato ka nemi "ɗan" ba zai kawo maka "Ɗan" ba, sai da na koma database ɗin PostgreSQL abin ya daidaita.

Jerawa kuma order_by("suna") ne, in ka sa - a gaba ya juya, kamar "-rana" sababbi su hau sama. Don Allah kar ka ɗauki abin da ya zo daga URL ka zuba shi kai tsaye cikin order_by, rubuta filayen da ka yarda da su, wanda ba ya ciki a koma kan na asali. Kuma ka ƙara "id" a ƙarshe, in ba haka ba masu suna iri ɗaya za su riƙa maimaituwa ko ɓacewa tsakanin shafi na 1 da na 2 in ka raba sakamakon shafi-shafi.

In bayanai suka yi yawa abin ya fara nauyi, duba pg_trgm ko SearchVector, kayan binciken rubutu ne da ake amfani da su a PostgreSQL.