Yadda Ake Gyara Sit ɗin Babur a Gida Domin Zama Ya Yi Daɗi

Mafi yawan masu babur a Zariya, idan sit ya fara gajiyar da su, abin da suke fara yi shi ne su nemi soso mai laushi su ɗora a kai, wasu ma sukan naɗe tsohon bargo su ɗaure shi da robar tsohon tib. Wannan dabara tana kawo sauƙi na 'yan mintuna, amma wanda ya taso daga Samaru ya nufi cikin Birni, ko ɗan acaɓan da ke wuni tsakanin Kwangila da PZ da Tudun Wada, ya san cewa kafin a yi nisa mazaunai sun sake yin tsami. Dalili kuwa shi ne, soso mai laushi yana lotsawa gaba ɗaya da zarar nauyi ya daɗe a kansa, sai mutum ya koma yana zaune a kan farantin da ke ƙasa ba tare da ya sani ba. Abin da ke sa zama ya yi daɗi shi ne siffar sit ɗin da kuma ƙarfin soson da ke cikinsa. Sirdin dokin da ake hawan Sallah da shi itace ne a ciki, amma mahayi yana wuni a kai domin an sassaƙa shi daidai da zaman mutum, kuma a kan wannan tunani ya kamata a gina gyaran.

Idan mutum ya zauna, nauyinsa yana sauka ne a kan ƙasusuwa biyu da ke ƙasan ƙugu, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu a jikin babba takan kama daga santimita 10 zuwa 14. Sit mai kyau yana da faɗi da shimfiɗa a wurin da waɗannan ƙasusuwa suke sauka, ta yadda nauyin zai bazu har zuwa tsokar cinya, sannan yana tsukewa a gaba kusa da tanki domin ƙafafu su sauka ƙasa ba tare da an buɗe su da yawa ba. Yawancin baburan da ke hannun mutane a nan, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, suna zuwa da dogon sit guda ɗaya wanda aka yi domin ya ɗauki direba da fasinja, kuma bayan an sha aiki da shi, wurin zaman direba yakan zama rami, tsakiya ta yi tudu, ko kuma ya gangara gaba yana tura mutum jikin tanki duk lokacin da aka taka birki.

Kafin a taɓa sit, a duba shokozoba da iskar taya, domin shokozobar da ta mutu ko tayar da aka cika wa iska fiye da ƙima za su ci gaba da dukan ƙugu ko da an zuba soso mafi tsada. Idan waɗannan lafiya suke, sai a hau babur a yi tafiyar rabin awa, a lura da ainihin wurin da ke fara ciwo. Zafi a kan ƙasusuwan nan biyu yana nufin soso ya mutu ko wurin zama ya yi ƙanƙanta. Sagewa a tsakanin cinyoyi tana nufin tsakiyar sit ta yi tudu, kuma wannan ba abin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne, domin jijiyoyi ne ake dannewa. Gajiyar hannu da kafaɗa kuwa sau da yawa daga gangarar sit take fitowa, saboda mutum yana tokare kansa da kan babur don kada ya zame gaba.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana don kwance notin sit, sukundireba mai faɗin baki, filaya, maka ko alli, tef na awo, doguwar wuƙa mai haƙora irin ta yanka burodi ko bakin zarton yanka ƙarfe, sanfefa mai kaushi, gam irin wanda masu kushin da masu gyaran takalma suke amfani da shi, kamar Evo-Stik, da kuma injin buga fil na masu kushin. Wanda ba shi da injin nan zai iya yin dukkan aikin soso a gida, ya kai wa mai kushin ya buga masa fatar da ake rufe sit da ita kawai, kuma babu laifi a cikin hakan. Soso kuwa ana samunsa a wajen masu sayar da kayan kushin da katifa a Sabon Gari. Wanda ya dace da ƙasan sit shi ne mai tauri ɗin nan da aka haɗa da gutsattsarin soso masu launi daban-daban aka matse, irin wanda ake sakawa a katifar masu ciwon baya, mai kaurin santimita 3 zuwa 5. A nemi kuma wani siriri mai laushi, kamar santimita 1, wanda za a lulluɓe sama da shi. Hanyar gwada mai taurin ita ce a ɗora shi a kan benci a danna da tafin hannu da dukkan ƙarfi. Idan hannu ya ji katako, ba zai ɗauki nauyin mutum a kan hanya mai gargada ba, komai rantsuwar mai kanti.

Tun sit yana kan babur, a kafa babur a kan babban jek, mai shi ya zauna yadda ya saba zama a tuƙi, wani ya zana masa da alli inda mazaunansa suka fara da inda suka ƙare, da kuma inda cinyoyinsa suke gugar gefe. A auna waɗannan wurare daga bakin sit na gaba a rubuta, domin zanen zai tafi tare da fatar. Daga nan sai a kwance noti a ciro sit a kifa shi a kan tabarma. Za a ga fil a jere zagaye da bakin farantin roba. A zura bakin sukundireba ƙarƙashin kowane ɗaya a ɗan murɗa har ya ɗago kai, sannan a zare shi da filaya, a riƙa jefa su cikin gwangwani, domin fil ɗin da ya faɗi a tsakar gida ƙafar yaro ce take tsintarsa. Kada a fizgi fatar, ko da ta tsufa, saboda ita ce za ta zama abin kwatance idan za a yanka sabuwa. Wasu tsofaffin babura suna da farantin ƙarfe mai 'yan haƙora da aka lanƙwasa a kan fatar. Waɗannan ana miƙe su ne a hankali, domin idan tsatsa ta ci su sukan karye. Idan an ga tsatsa, a goge ta da sanfefa a shafa fenti kafin a ci gaba, idan kuma farantin roba ya tsage, to gara a sayi wani, domin soso ba ya gyara tsagaggen faranti.

A kan tsohon soson, a ja layi ɗaya a tsakiya daga gaba zuwa baya, wanda da shi za a riƙa auna dama da hagu, sannan a mayar da awon da aka rubuta a zana wurin zaman direba. A nan ne ake yin aikin da ya fi muhimmanci. A yanke saman soson a wannan wuri, zurfin santimita 3 ko 4, a bar ƙasan ramin a shimfiɗe, kuma a bar aƙalla santimita 2 na tsohon soso a kan faranti idan bai ruɓe ba, domin shi ne ya riga ya ɗauki siffar farantin. Wuƙa mai haƙora ana jan ta ne gaba da baya ba tare da an danna ba. Wanda ya danna zai matse soso, yankan ya fito a karkace. Sai a yanko soso mai tauri wanda ya ɗan fi ramin faɗi da tsawo, ta yadda zai leƙo ta kowane gefe da kamar santimita 2, domin daga wannan rarar ce za a samu ƙarin faɗin da ake nema.

A shafa gam siriri a fuskokin biyu, a bar shi minti 10 zuwa 15 har sai ya daina bin yatsa idan an taɓa, sannan a haɗa a danne sosai. Irin wannan gam yana kamawa nan take, saboda haka a daidaita layin tsakiya tun kafin fuskokin su haɗu. A yi aikin a fili inda iska ke shiga, nesa da murhu da risho da mai shan taba, domin tururinsa yana kama wuta kuma yana sa jiri. A lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan gam kafin ya sha iska ta rage masa ƙarfi, don haka a samu zaure ko rumfa mai kariya. A bar shi ya kwana idan da hali.

Sassaƙa ita ce ke cin lokaci, kuma ita ce mutane suka fi yi wa gaggawa. A fara rage manyan kusurwoyi da wuƙa, sannan a koma ga sanfefa da aka naɗe a jikin guntun katako, ko magogin kuɓewa da aka daina amfani da shi, wanda yake cin soso mai tauri cikin sauri ya bar shi sumul. A rufe hanci da ƙyalle, domin garin soso yana tashi. Siffar da ake nema ita ce wurin zama shimfiɗaɗɗe mai ɗan kwari kaɗan a tsakiya, wanda bai gangara gaba ba, sai ma ya ɗan ɗaga a kusa da tanki, da kuma ɗan tudu a baya da zai tare ƙugu idan an ja mai. Gefen da cinya ke sauka a kai a zagaye shi, kada a bar masa kaifi, domin kaifin gefe yana datse jini ya sa ƙafa ta sage. Bayan kowane ɗan ragi, a ɗora sit a kan babur a zauna, a kama kan babur, a taka giya da birki, a sauke ƙafa ƙasa. Santimita ɗaya da aka cire ana jin bambancinsa a jiki fiye da yadda ido yake gani, kuma mayar da abin da aka yanke ya fi yanke shi wahala.

Gajeren mutum da ke son ƙafarsa ta riƙa kaiwa ƙasa yakan so ya zabge saman sit, amma a ganina wannan shi ne zaɓi na ƙarshe. Tsuke gaban sit ta gefe biyu yana sa ƙafa ta sauka a miƙe, kuma sau da yawa wannan kaɗai yana wadatarwa ba tare da an rage kaurin da ke kare ƙugu ba. Dogon mutum kuma zai iya ƙara santimita 2 ko 3 domin gwiwarsa ta ɗan miƙe, muddin tafin ƙafarsa yana taka ƙasa sosai idan ya tsaya a cunkoson Ƙofar Doka da kaya a baya. Wurin fasinja ba ya bukatar dogon aiki: a cike inda ya lotsa, a bar shi a shimfiɗe, kuma kada ya gangaro kan direba.

Kafin a rufe, a lulluɓe soson da leda ko tsohuwar fatar, a ɗaure da roba, a mayar da sit a ɗaure notinsa, a fita gwaji na gaske, misali daga Kwangila zuwa Shika a dawo, a haɗa da wata hanyar unguwa mai ramuka. Zaman minti biyu a tsakar gida ba ya nuna komai, domin sit mara kyau ma yana da daɗi a farko. Idan an dawo, a gyara inda ya matsa, sannan a manna siririn soson nan a saman duka domin ya ɓoye gaɓar da ke tsakanin tsoho da sabo. A kansa kuma a shimfiɗa leda siririya mai laushi, a lanƙwasa bakinta ƙarƙashin faranti. Wannan leda ita ce ke hana ruwan damina, musamman na watan Agusta, ratsawa ta ɗinki ya jiƙe soso, wanda idan ya sha ruwa yakan yi kwanaki yana jiƙa wando kuma ya ruɓe da wuri.

Idan siffar ba ta canza da yawa ba, tsohuwar fatar za ta iya komawa. Idan an ƙara faɗi ko tsawo, a yanko sabuwa daga ledar kushin mai ɗan miƙewa, a bar rarar santimita 5 a kowane gefe. Wadda take da ɗan kaushi ta fi mai santsi, domin mai sheƙi tana sa a riƙa zamewa. Baƙa tana ɗaukar zafi ƙwarai a ranar Maris da Afrilu, saboda haka mai ajiye babur a fili zai iya zaɓar ruwan ƙasa ko toka-toka. A shanya fatar a rana minti 15 domin ta yi laushi, sannan a ɗora ta a daidaita tsakiya, a buga fil biyu a gaba, a ja a buga biyu a baya, sai ɗaya a tsakiyar dama da ɗaya a tsakiyar hagu. Daga nan a riƙa bugawa dama da hagu bi da bi, ana ja da ƙarfi iri ɗaya, ana tura tattarar zuwa ƙasan faranti inda ba a gani. Kada a ja har soso ya matse, domin hakan yana rusa siffar da aka sha wahalar sassaƙawa. Fil mai tsawon milimita 6 zuwa 8 ya isa ga farantin roba. Wanda ya fi haka zai iya hudawa ya shiga soso, wata rana ya soki mai zama. A kusurwoyi a yi ƙananan ninki da yawa maimakon babba guda ɗaya, sannan a datse rarar fatar da reza.

Wajen mayar da sit, a tabbatar harshen gaba ya shiga ma'ajinsa a ƙarƙashin tanki, robobin da ke ƙasan faranti suna nan a wurinsu, kuma babu wayar wuta da aka danne. A ɗaure noti biyun, a kama sit a girgiza shi dama da hagu a ga ko yana motsi. Sabon soso mai tauri yakan ɗan yi gagara a makon farko kafin ya kwanta, don haka a ba shi mako biyu ana hawa. Idan har lokacin akwai wurin da ke matsawa, sai a zare fil na wannan gefen kaɗai, a ɗaga fatar, a goge wurin da sanfefa, a mayar a buga.