Shado ya yi toka, buroshi ya yi wari: kurakuran da nake yawan gani a Nima da yadda ake gyara su

Ranar Asabar wata ƙanwar ƙawata ta shigo wurina da falet ɗin shadonta, wato ɗan akwatin kalolin da ake shafawa a fatar ido, a leda, ranta a ɓace. Ta ce, "Anti, jabu aka sayar mini, duk kalar da na sa sai ta koma kamar laka." Na buɗe, na dangwali ruwan tagulla da ɗan yatsa na shafa a bayan hannunta, ya fito tas yana sheƙi. Sai na ce ta miƙo mini buroshinta. Gashinsa ya daskare ya manne da juna, kuma da na kai hanci sai na ji warin maiƙo. Tun ranar da ta saye shi bai taɓa ganin ruwa ba. Shuɗin bikin Sallah yana ciki, jan wani suna yana ciki, ga fandeshan da ta taɓa gogawa da shi da ta rasa soso.

Na daɗe ina yi wa amare da ƙawayensu kwalliya tsakanin Nima, Mamobi da Sabon Zango a nan Accra, kuma abin da na lura shi ne mata da yawa suna ɗora wa falet laifin da ba nasa ba. Ko dai an zaɓi kalar a inda bai dace a gwada ta ba, ko kuma buroshi ne ya ɓata ta kafin ta isa fatar ido.

Mu fara da wurin saye. Kusan kowa idan ta je Makola ko wani shagon kayan kwalliya, cikin hannunta take juyawa ta gwada kala, wajen da jijiya take, wata ma a tafin hannu. Nan ne wuri mafi haske a jikinki. Fatar idon yawancinmu kuwa ta fi sauran fuska duhu, ga maiƙo. Kalar da ta yi kyau a cikin hannu za ta iya ɓacewa gaba ɗaya a ido. Ki gwada a bayan hannu, kusa da gaɓar yatsu inda fata ta ɗan fi duhu, sannan ki roƙi mai shago ki fito bakin ƙofa ki duba a hasken rana, domin farin ƙwan lantarkin da ke cikin shago yana ƙara wa kowace kala armashin da ba ta da shi. Ki murza sau ɗaya da yatsa. Idan murza ɗaya ta share shi, a ido ma haka zai yi. Kada kuma ki kai na gwaji kusa da idonki, ba ki san yatsu nawa suka shiga cikinsa ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zaton cewa mai duhun fata sai kala mai haske ce za ta fito a idonta. Sai ki ga an kwaso ruwan hoda mai fari-fari, ko shuɗi mai haske kamar sararin sama, an lafta. Irin waɗannan kaloli da farin sinadari ake haɗa su don su yi haske, kuma wannan farin shi ne yake zama a kan baƙar fata kamar an barbaɗa toka. Abin da ke haskaka fatarmu kala ce mai zurfi wadda ta ƙoshi: ruwan gwal, ruwan tagulla, jan zoɓo, ruwan hanta, shunayya mai duhu, kore irin na ganyen kontomire, shuɗi irin na baba. Mu da idanunmu baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa mai duhu, ba mu da matsalar cewa wata kala za ta yi faɗa da ƙwayar ido. Da fata ake yin lissafin. Idan kuma lallai mai hasken kike so, sai ki yi mata shimfiɗa: ɗan konsila, wato kirim ɗin rufe tabo, siriri a tsakiyar fatar ido, wanda ya ɗara fatarki haske kaɗan, ki ɗora kalar a kai tun bai gama bushewa ba. Na ce kaɗan, domin wasu suna ɗauko konsilan da ya yi wa Balarabiya daidai su zana farin baka a ido, daga nesa sai ka ce filasta.

Akwai kuma koyi da bidiyon waya ba tare da duba fatar mai yinsa ba. Za ta ce a fara da ruwan ƙasa mai haske a kwarmin ido don ya haɗe sauran kalolin. A fatarta yana fitowa, a taki ba za a ma san kin sa wani abu ba, sai ki yi ta ƙarawa har wurin ya yi kauri ya fara tsagewa. Wadda take wankan tarwaɗa ta nemi ruwan goro da ya ɗan ƙone. Wadda ta fi duhu ta nemi jan ƙasa irin na tukunya, ko ruwan hanta marar sheƙi. Shi za ki fara bazawa a kwarmin, kafin komai.

Don sanin ko gwal ne ya fi karɓarki ko azurfa, ɗauko ɗankunne ɗaya na kowanne ki kara a kumatu a bakin taga, fuska ba hoda. Wanda ya sa fuskarki ta yi fes, danginsa za ki bi. Ba doka ba ce, amma tana rage asarar kuɗi.

Sai batun yayi, wanda a Najeriya suke ce wa anko. Nan ne nake yawan samun saɓani da 'yan biki. An fitar da leshi kore, sai kowa ta zo tana cewa, "Anti, kore sak za ki sa mini." Ki tuna mu masu yafa mayafi ne, kuma ɗankwali da mayafi su ne suka kewaye fuska. Idan ɗankwali kore ne, mayafi kore, ido ma kore, fuskar ta nutse a cikin kayan, a hoto idon ba ya fita daban. Ni abin da nake yi, ina duba ƙaramar kalar da ke cikin zanen, wadda ba ta yi yawa ba, ko zaren ado ko duwatsun da aka jera, ita nake kaiwa ido. Koren leshi mai zaren gwal, sai in yi ido da gwal da ruwan ƙasa mai duhu, in ja koren siriri a ƙasan ido kawai. Hajiyoyi da yawa sukan fara da gardama, amma in an ɗaura ɗankwali aka miƙa musu madubi, ba kasafai ake cewa in sake ba. Haka nan a kula da jan baki: in ido ya yi nauyi, leɓe ya sassauta.

Shado mai ƙyalli yana da wurinsa, tsakiyar fatar ido da ɗan lungun da ke kusa da hanci. In aka baza shi har ƙarƙashin gira, ga gumi ga hasken kyamara, sai wurin ya yi kamar kumburi. Iyayenmu da fatar idonsu ta fara saki, ƙyalli yana tona kowane layi, marar sheƙi ya fi yi musu kyau. Abu guda da nake roƙo da babbar murya: ƙyalƙyalin da ake sayarwa don ado a kati ko ayyukan makaranta ba na ido ba ne. Gefensa na da kaifi, ƙwaya ɗaya in ta faɗa tana iya karce ƙwayar ido.

Zafi da laimar Accra suna narka shado, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwa yake sauka. Wadda ta shafa man kaɗe har fatar ido sannan ta ɗora shado, kafin ta sauka daga trotro ya taru a layi ɗaya. Man kaɗe abin arziki ne, amma da dare. Da safe ki bar fatar ido a bushe, ki sa ɗan firaima, wato abin shimfiɗar da ke riƙe kala, ko konsila, ki danne da hoda kaɗan. Da hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, fata tana bushewa, to sai ki shafa mai marar nauyi ki jira ya shige tukuna.

Ki juya bayan falet ki duba. Za ki ga hoton ɗan gwangwani a buɗe da rubutu kamar 12M ko 24M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Shado na gari yana daɗewa fiye da mai laushi kamar kirim. Maskara kuwa wata 3 ne, ko da bai ƙare ba. A Ghana hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ce ke rajistar kayan kwalliya, don haka abin da ba shi da sunan wanda ya yi shi, ba jerin abin da aka haɗa, ba kwanan wata, ni ba na kai shi kusa da idon kowa komai arharsa.

Yanzu buroshi. Na ido da kike amfani da shi kullum, ki wanke shi sau ɗaya a mako. Ba aiki ba ne mai yawa. Ki jiƙa gashin kawai da ruwa mai ɗan ɗumi, kansa yana kallon ƙasa. Ki ɗiga shamfu na jarirai ko sabulu marar ƙarfi a tafin hannu, ki riƙa juya gashin a hankali, ki ɗauraye, ki maimaita har ruwan ya fito fari. Ki matse da tawul mai tsabta, ki gyara masa siffa da yatsu, ki kwantar da shi a bakin tebur gashin yana leƙo waje don iska ta ratsa ta ko'ina.

Inda ake ɓata shi kuwa ga su. Wata za ta zuba su duka a bokiti ta bar su su kwana. Gashin buroshi da gam aka riƙe shi a cikin ƙarfen wuyansa, in ruwa ya shiga nan gam ɗin ya saki, sai gashi ya fara zuba a fuskar mutane, katakon ma ya kumbura ya tsage. Tafasasshen ruwa ma haka yake yi, har ya lanƙwasa gashin roba. Wata kuma ta wanke da kyau, sai ta tsayar da shi a kofi kansa sama yana jiƙe, ruwan ya gangara cikin wuyan, duk ɗaya ne da jiƙawar. Omo ya yi ƙarfi, kuma in bai fita duka ba ido zai yi yaji. Sabulun salo, wanda a nan ake ce wa alata samina, yana cire maiƙo sosai, ina amfani da shi a buroshin roba da na fandeshan bayan na narka shi da ruwa, amma mai gashin dabba irin na akuya yana busar da shi ya yi kaushi. Shanyawa a tsakar rana ko kusa da murhu ma yana ƙona gashin. Inuwa mai iska, ko gaban fanka.

Mafi muni a garinmu shi ne mayar da shi jaka bai gama bushewa ba. Da damina buroshi mai kauri zai iya wuce yini guda bai bushe ba, in aka zuge shi a jakar roba sai funfuna ta kama gindin gashin, inda ido ba ya gani. In kin ji yana warin rima bayan wanki, ko kin buɗa gashin kin ga baƙi-baƙi a ciki, jefar da shi ya fi. Ki yi wanki da dare, a ranar da ba ki da fita washegari. Kuma kada a ajiye su a banɗaki.

Abubuwa biyu ƙanana da nake gani har a hannun masu sana'a: hure buroshi da baki don rage gari, da jiƙa shi da yawu don kala ta kama. Duk biyun ƙwayoyin cutar baki ake kaiwa ido da cikin falet. Ki buga shi a bayan hannu garin zai zuba. In jiƙawa kike so, ki ɗebo kalar tukuna, sannan ki fesa wa buroshin ruwa mai tsabta.

Maganar aro ita ce na fi so 'yan'uwana su ji. Gidan biki ɗaki ɗaya mata goma, buroshi ɗaya da tsinken kwalli ɗaya suna zagayawa, ba mai iya cewa a'a don kada a ce tana ƙyama. Ciwon idon nan da muke kira apolo a ƙasar nan aka fara ganin annobarsa a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, shi ya sa sunan ya bi shi. Ta hannu, tawul da kayan kwalliya yake yaɗuwa, da sauri kuwa. Hazbiya ma datti a bakin fatar ido yana taimaka mata. Ni a wurin aiki ina zuwa da buroshi kashi-kashi, kowace fuska da nata, wanda aka yi amfani da shi ya shiga wata leda daban sai na koma gida. Maskara da tsinken yarwa nake sawa, kuma ba ya komawa cikin kwalba sau biyu. Sifirit mai ƙarfin kashi 70 da ake samu a kemis yana da amfani wajen fesa wa buroshi da saman falet, a bari ya bushe sarai, amma ba ya maye gurbin wanki, kuma ƙwayar apolo tana da taurin kai a gabansa. Saboda haka wadda ta zo mini da jan ido yana ruwa, ko da uwar amarya ce, ina ba ta haƙuri in yi mata sauran fuska da kayanta, ido kuwa ba na taɓawa, in ce ta je a duba ta. Wadda ta yi ciwon a gida ta zubar da maskara da gazal ɗin da ta yi amfani da su a lokacin, ta wanke buroshi sau biyu kafin ta koma kwalliya.

Ita ƙanwar ƙawar tawa, a nan shagon muka wanke nata, sai da muka yi saɓi huɗu kafin ruwan ya daina fitowa ruwan ƙasa. Na ce ta ƙara sayen guda biyu, ɗaya mai faɗi na ɗora kala, ɗaya mai laushi na bazawa, ta ware ɗaya don kaloli masu duhu kawai. Tsakanin kala da kala kuma ta riƙa goga gashin a busasshen tawul har ya daina barin alama.