Yadda za ka nemi a sassauta maka ƙa'idar gaban fili in kana yanka fulotai

Toh jama'a, masu gona a bakin gari da ke son yanka ta fulotai, wannan taku ce. In awon gwamnati kake so ba awon igiya ba, dole taswirarka ta bi ta hannun hukumar tsara birni, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, kuma cikin abin da za su duba har da gaban kowane fili, wato faɗin titi da kwata da hanyar masu tafiya a ƙasa da ɗan gurbin da ake bari don shuka. Wani lokacin wurin ba ya ɗaukar duk wannan, ko akwai tsohuwar bishiya a kan layin, ko fol ɗin wuta, ko gangare, ko gidajen da suka riga ka zuwa sun matse hanyar. Nan ne ake neman canji.

Ka nema tun kafin a dasa duwatsun awo, don Allah. In ka riga ka sayar mutane sun fara zuba fandisho, to ba gyaran takarda ba ne kuma, maganar rusau ce.

Ka samu safiyo mai rijista ya auno wurin yadda yake, da duk abin da ya tare hanya, sai mai tsara birane shi ma mai rijista ya zana maka zane biyu, ɗaya yadda ƙa'ida ta ce ɗaya yadda kake so a yi. Ka haɗa da takardun mallaka da hotunan wurin da wasiƙa mai bayyana dalili. Kuma dalilin ya zama na wurin ne, in ka rubuta cewa so kake ka ƙara fuloti biyu ba wanda zai saurare ka, kuma gaskiya bai kamata a saurare ka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane hanyar ƙafa suke fara yankewa. Kar ka yi haka wallahi. Yara 'yan makaranta da tsofaffi masu zuwa masallaci da asuba da mai keken guragu, su ne za ka jefa tsakiyar titi cikin 'yan adaidaita. Mutum biyu kafin su gifta juna ba gogayya sai wajen mita 1.5. In dole ne a rage wani abu to a taɓa gurbin shuka, maimakon dogon layi a yi ramukan bishiya jefi-jefi, ko ka ce za ka rufe kwata da silab mai ƙarfi a riƙa takawa a kai amma a bar wurin buɗewa don yashewa kafin damina. In ka zo da madadi irin wannan sun fi saurin duba buƙatarka.

In sun amince kar ka yarda da "ai ba komai je ka yi" na baki, ka karɓi zanen da aka gyara da hatimi da sa hannu. Sannan ka sa a cikin takardar ciniki cewa mai saye ba zai gina dakali ko shago ko ramin sokawe a wannan gaban ba. Bishiya kuma in darbejiya za a sa a nesanta ta da kwata da katanga, saiwarta tana ɗaga siminti.