Darasi na 9: Idan kaya ya isa ƙasar waje a fashe

A ce ke mai sayar da kaskon turaren wuta ce a Ƙofar Marusa da ke Katsina. Wata Hajiya da ke zaune a Ingila ta ga kayanki a Instagram, ta sayi kasko shida, ta biya har da kuɗin aikawa. Bayan mako biyu sai ga saƙo: biyu sun iso a fashe.

Abin da ke fara zuwa bakin mutum shi ne, "Ai lafiya lau suka bar hannuna." Gaskiya ne, amma kada ki fara da wannan. A dokar ciniki ta Ingila ta 2015, idan mai sayarwa ne ya aika kaya, kayan na wuyansa har sai sun shiga hannun mai saye. Haka abin yake a ƙasashen Tarayyar Turai. Ko ba doka ma, wadda ta biya kuɗin kasko shida, shida take bin ki.

Magana biyu ce a nan, kada ki cuɗa su. Akwai ta tsakaninki da Hajiya, akwai ta tsakaninki da masu jigila. Ta Hajiya ake fara kashewa.

Ki amsa mata a ranar, ko da saƙon murya ne: "Hajiya, ki yi haƙuri. Don Allah ki turo mini hoton kwalin ta kowane gefe, da takardar da ke manne a jikinsa, da kaskwan da suka fashe. Kada ki jefar da kwalin tukuna." Kwalin nan shi ne shaidarki gobe.

In hotuna sun zo, ki ba ta zaɓi: ko a sake aika mata biyu, ko a mayar mata da kuɗinsu. Kada ki ce ta dawo da fasassun, kuɗin dawowa ya fi kuɗin kaskon. Idan da fam ta biya, fam za ki lissafa, ko da canji ya tashi. Da zafi, na sani, amma ba ita ta tayar da shi ba. Kuma ta hanyar da kuɗi ya shigo, ta nan zai koma. Duk wanda ya ce ki tura wani asusu dabam, ki dakata, 'yan damfara na yin haka.

Sai neman diyya. Ki je inda kika ba da kayan da rasit, da lambar bin sawun kaya, da hotunan, ki shigar da koke a rubuce. Kada ki yi jinkiri. A ƙa'idar kayan jirgin sama ta duniya, kwana 14 ne daga ranar da kaya ya shiga hannun mai saye. A gidan waya kuwa ana karɓar koke cikin wata shida daga aikawa. Idan ba ki yi inshora ba, sau da yawa nauyin kaya ake dubawa, ba darajarsa ba. Idan kuma kin rage farashi a takardar kwastan, CN22 ko CN23, kin rage wa kanki diyya.

Aikin gida: Hajiya ta biya fam 60 kuɗin kasko shida. Nawa za ki mayar mata na biyun da suka fashe? Ki rubuta amsar a littafinki, sannan ki rubuta saƙon da za ki tura mata, ki zo da shi aji.