Yadda Ake Gwada Polima Mai Kashe Bakteriya a Ɗakin Bincike

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka rasu kai tsaye sakamakon bakteriya masu bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asarar rayuka idan aka yi la'akari da yawan jama'a. Wannan na daga cikin abin da ya karkato da hankalin masana sinadarai zuwa ga polima, wato dogayen sarƙoƙin sinadari da ake haɗawa a ɗakin gwaji domin su kwaikwayi garkuwar jikin halittu, irin sinadarin nan mai kashe bakteriya mai suna magainin da masani Michael Zasloff ya gano a fatar wani kwaɗon Afirka a 1987. Cajin lantarkin da ke jikin sarƙar yana manna ta ga fatar bakteriya, sannan ɓangarenta mai gudun ruwa ya kutsa ya yaga fatar, shi ya sa ƙwayar ba ta saurin samo hanyar kare kanta.

Wanda ya haɗa sabuwar polima, abu na farko da ya kamata ya guje wa shi ne dogaro da ɗan faifan takarda mai ɗauke da sinadarin gwaji da ake ɗorawa a kan agar, wato daskararren abincin da ake shuka bakteriya a kai. Sarƙar tana da girma, ba ta yaɗuwa sosai a cikin agar, don haka sai ɗalibi ya ga babu da'irar da ta washe daga bakteriya a kewayen faifan, ya yanke hukuncin cewa aikinsa na wata da watanni ya tashi a banza, alhali hanyar gwajin ce ba ta dace ba. Wannan dalilin ne ma ya sa ba a amincewa da faifan wajen gwada maganin kolistin.

Hanyar da ta dace ita ce tsarmawa a cikin ruwan Mueller-Hinton, wato ruwan abincin da ake renon bakteriya a ciki, a faranti mai ramuka 96. A zuba polimar a ramin farko, a riƙa rage ƙarfinta da rabi daga rami zuwa rami, sannan a daidaita dagulewar ruwan bakteriyar da ma'aunin McFarland 0.5, wato mizanin kimanta yawan ƙwayoyi daga dagulewar ruwa, a tsarma shi ta yadda kowane rami zai samu kimanin ƙwayoyi 500,000 a kowace mililita. A bar wasu ramuka babu polima, wasu kuma babu bakteriya, a kuma haɗa da sananniyar ƙwaya irin E. coli ATCC 25922 domin tabbatar da ingancin aikin. A ganina gara a nemi farantin robar polifirofilin ko da ya fi tsada, domin sinadarai masu irin wannan caji suna maƙalewa a bangon farantin robar polistirin, sai sakamakon ya nuna rauni na ƙarya. Bayan awa 16 zuwa 20 a zafin digiri 35, a ɗaga farantin zuwa haske: ramin da ya dagule ko ya tara ɗan farin ɗigo a gindinsa akwai tsiro, ramin da ya washe tar da mafi ƙarancin polima shi ke nuna adadin da ake kira MIC, wato mafi ƙarancin adadin da ke hana bakteriya tsiro.

Kashe bakteriya shi ne ɓangare mai sauƙi, domin ruwan bilic ma yana kashewa. Abin da ke raba magani da guba shi ne gwajin jini. A wanke jajayen ƙwayoyin jini da ruwan gishiri mai fosfet, a gauraya su da polimar na awa ɗaya a digiri 37, a juya su a injin da ke wulwulawa da sauri har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa. Idan ruwan sama ya fito garau, ƙwayoyin sun tsira. Idan ya yi ja kamar zoɓorodo, polimar ta farfasa su. A kwatanta da kwalbar da aka zuba wa Triton X-100, wadda ke fasa ƙwayoyin gaba ɗaya, a gano adadin polimar da ke fasa rabinsu, sannan a lissafa sau nawa ya ninka MIC domin ganin tazarar da ke tsakaninsu. Idan tazarar ta yi kaɗan, sai a koma a rage ɓangaren mai gudun ruwa a sake haɗawa.

Domin auna bijirewa kuwa, a riƙa ɗebo ƙwayar da ta tsiro a rabin MIC ana sake gwada ta kullum na tsawon makonni, tare da maganin kashe bakteriya na siprofuloksasin a gefe don kwatantawa. Duk farantin da aka gama da shi, a dafa shi a tukunyar tururi a digiri 121 kafin a zubar.