Yadda za ka haɗa motar tsere a Midnight Club 3 na PSP

Tun da PSP, na'urar wasan hannu ta Sony, ta shigo hannuna, babu wasan da ya ci mini batir kamar Midnight Club 3: DUB Edition, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2005. Garuruwa uku na Amurka ne a ciki: San Diego, Atlanta da Detroit. A San Diego ake farawa, da ɗan kuɗi kaɗan da motoci shida da za ka zaɓi ɗaya.

Ni Volkswagen Golf R32 nake ba kowa shawara ya ɗauka. Mu dai mun saba da Golf a titunanmu, amma wannan ta daban ce, inji mai lita 3.2 kuma tayoyin huɗu duka suna ja, shi ya sa ba ta cika zamewa a kwana ba. Impala ta 1964 ta fi ta kyau a ido, sai dai bayanta wutsil-wutsil yake yi, sabon hannu zai sha wuya da ita.

Idan ka ci tseren farko ka shiga gareji, ka kame hannunka daga fenti da rim. Ni na yi wannan kuskuren, na ƙarar da kuɗina kan kwalliya, aka yi ta wuce ni kwana uku. Fara da inji da giya, sannan taya da birki, sai nitro, wato gas ɗin da ke ƙara wa mota gudu na ɗan lokaci. Duk lokacin da aka buɗe sabon mataki na kayan gyara, koma gareji kafin ka karɓi wani tsere, domin motocin abokan karawarka ma ƙara ƙarfi suke yi.

Abin da ya fi kayan gyara shi ne sanin gari. A wannan wasan ba a killace maka hanya, hayaƙi ne kawai ke tashi a inda ake so ka bi, kai za ka san yadda za ka isa. Don haka nakan ɗauki minti goma ina yawo ba tsere, ina leƙa lunguna da wuraren ajiye motoci, ina riƙe waɗanda ke ɓullewa wani titi. Lungu ɗaya mai kyau yakan ba ka tazarar da nitro ba zai ba ka ba.

A cikin tsere, manne wa bayan wanda ke gabanka har ma'aunin iska da ke kan allo ya cika, sai ka danna maɓallin ƙarin gudu, motar ta yi tsalle gaba ba ka taɓa nitro ba. Ajiye nitron sai miƙaƙƙen titi na ƙarshe. Nan gaba za a buɗe maka Zone, wanda ke rage gudun komai na 'yan daƙiƙoƙi don ka tsaga cunkoso ko ka sha kwana mai kaifi. Tuƙi mai tsafta ke cika shi, kada ka riƙa goga jikin motocin mutane.

Wasan yana jinkirin buɗe tsere idan daga UMD, wato ƙaramin faifan wasa na PSP, yake karantawa, sai an yi haƙuri. PSP-2000, samfuri na biyu na na'urar, ta ɗan rage wannan, tunda ƙwaƙwalwarta ta ninka ta farkon.

Sai ka fara cin tsere a jere, kuɗi sun taru, sannan ka koma kan kwalliya. Tawa Golf ɗin baƙa ce wuluk, da rim fari da shuɗiyar fitila a ƙarƙashi, kuma da ita na shiga Atlanta.